Ranar da babbar mota ta tsaya wa kekena a Utrecht

Wata takwas ke nan da zuwana birnin Utrecht na ƙasar Holan domin karatu, kuma cikin duk abubuwan da na gani a nan babu wanda ya zauna mini a rai kamar abin da ya faru wata safiyar Talata a wani shataletale kusa da unguwar da nake haya. Ina bisa tsohon keken da na saya a hannun wani ɗalibi, ana yayyafi, sai ga wata babbar motar dakon kaya tana shirin fita daga shataletalen, kuma dole ta ratsa ta kan hanyar da nake bi. Ban tsaya wani tunani ba na matse birki na sauke ƙafa, kamar yadda duk wanda ya tashi a Zariya zai yi. Ita ma motar sai ta tsaya cak. Direban, wani dattijo mai furfura, ya leƙo ni daga can sama ya ɗaga hannu alamar in wuce, a bayana kuma ƙararrawar kekuna ta cika wurin, domin na tare wa mutane hanya a inda doka ta ba mu damar wucewa. Wata mata da ta ɗauko yara biyu a cikin akwatin katako da ke gaban kekenta ta kewaye ni ta wuce ta gaban motar nan ko waiwaye ba ta yi ba. Na tsallaka, na yi ɗan nisa, sannan na sauka na tsaya a gefe na ɗan lokaci, saboda mahaifina ne ya faɗo mini a rai.

Kafin in zo kan maganarsa, ya kamata in bayyana yadda titin nan yake, domin wanda bai gani ba zai ɗauka direban mutumin kirki ne kawai. Hanyar keke a nan daban take da ta mota, an shimfiɗa mata jar kwalta don kowa ya gane ta daga nesa, kuma a manyan tituna akwai dakali ko jerin bishiyoyi tsakaninta da motoci. Tana da nata fitilun danja masu hoton keke, tana da nata alamun nisan gari. A wurare da yawa inda hanyoyi suka haɗu ana zana fararen alamu masu kusurwa uku a ƙasa kamar haƙoran zarto, wanda tsininsu ya fuskance shi shi ne zai jira, ko tirela yake ja ko keken yara. Akwai ma wasu titunan cikin unguwa da aka kafa wa allo mai cewa titin na keke ne, mota baƙuwa ce, don haka sai dai ta bi bayan masu keke a hankali. A ƙarƙashin filin da ke gaban babbar tashar jirgin ƙasa ta Utrecht akwai wurin ajiye keke mai hawa uku da aka kammala a 2019, yana ɗaukar kekuna 12,500. Ƙasar baki ɗaya tana da hanyoyin keke na kimanin kilomita 35,000, kuma kekunan da ke cikinta sun fi mutanenta yawa.

Amma abin da ya fi kwalta da alluna ƙarfi shi ne doka. Sashe na 185 na dokar hanya ta 1994 ya ɗora wa mai mota alhakin biyan asarar mai keke ko mai tafiya a ƙasa idan suka yi karo, sai fa in ya tabbatar da cewa babu wani abin da zai iya yi ya kauce. Kotunan ƙasar sun ƙara fayyace cewa ko da mai keken ne ya yi kuskure, babba zai samu aƙalla rabin diyyar asararsa, yaron da bai kai shekara 14 ba kuwa za a biya shi duka. Hujjarsu ita ce wanda ya fito da ƙarfe mai nauyi da gudu kan hanya shi ne ya kawo haɗarin, don haka shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyinsa, kuma tunda inshora tilas ce ga kowace mota, akwai inda kuɗin zai fito. Shi ma mai keke ba a sake masa ba. Dole ya kunna fitila fara a gaba da ja a baya da dare, dole ya miƙa hannu kafin ya juya, kuma tun ranar 1 ga Yulin 2019 riƙe waya a hannu bisa keke laifi ne da ake cin tara a kansa. Yaran firamare suna yin jarrabawar ƙa'idojin hanya kafin su gama, wasu makarantun har da ta hawa keke a kan titi na gaske. Saboda haka direban da ya tsaya mini ya san abin da mai keke yake ji, domin kusan tabbas ne shi ma a keke ya je makaranta, kuma jikokinsa a keke suke zuwa yau.

Kada a ɗauka haka aka halicci mutanen Holan. A 1971 mutane kusan 3,300 suka mutu a haɗarin hanya a Holan, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken a daina kashe yara, suka riƙa tare tituna, sannan matsalar man fetur ta 1973 ta zo har gwamnati ta hana fita da mota ranakun Lahadi na wani lokaci. Daga nan ne garuruwa suka fara sake fasalin tituna sannu a hankali. Mutane ne suka ƙi yarda a ci gaba da kiran mutuwar 'ya'yansu tsautsayi.

Ba na cewa babu aibu a nan. A 2022 masu keke kusan 290 suka rasu a kan hanya, da yawansu tsofaffi, kuma kekuna masu batir sun ƙara gudu da rigima, musamman a hannun samari. Wasu masu keken suna da girman kai, suna ratsa danja suna hantarar baƙon da ya taka jar kwalta bisa rashin sani. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce mai sanyi, ba su san zafin watan Afrilu na Sakkwato ba, kuma suna da kuɗin da ba mu da shi. Akwai kuma abin da nake kewa kullum. Wata rana kekena ya zame a kan ƙanƙara na faɗi, mutum ɗaya ne ya tambaye ni ko lafiya, bai ko sauka ba. Da a Tudun Wada ne, kafin in miƙe mutum goma sun kewaye ni da sannu, wani ya ɗaga keken, wani ya kawo ruwa, mai faci ya gyara sarƙar ya ƙi karɓar ko sisi. Wannan tausayin namu gaskiya ne, ba na yarda kowa ya raina shi. Sai dai yana zuwa ne bayan mutum ya kai ƙasa, su kuwa nasu sun gina shi a cikin titin tun kafin a faɗi, kuma idan aka ce in zaɓa wa ɗana ɗaya, na san wanda zan zaɓa.

Wani abokin karatuna ya taɓa tambayata ko a Najeriya muna hawa keke, tambayar kuma ta yi mini zafi fiye da yadda ya zata. Ƙasar Hausa ƙasar keke ce. Keken Rali ya kai buhu kasuwa, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai malamai makarantun ƙauye shekara da shekaru. Da aka hana babur a Maiduguri a 2011 keke mutane da dama suka koma, haka da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Abin da ba mu da shi shi ne titin da ya san da zaman mai keke. Ko ministan sufuri Ojo Maduekwe, da ya fito yana kira a rungumi keke a 2001, mota ce ta ture shi cikin lambatu a Abuja, mutane da yawa kuma dariya suka yi maimakon su tambayi abin da ya sa babban birnin ƙasa ba shi da inda minista zai tuƙa keke lafiya. Muna gina gadojin sama a Kano da Kaduna muna alfahari da su, amma ba mu tambaya ta ina mai keke da buhun gawayi zai bi.

Da na daɗe ina tunani, na gane cewa matsalarmu ba ta tsaya kan rashin jar kwalta ba. A wurinmu keke shaidar talauci ce, kuma mun saba cewa girman abin hawa shi ne girman haƙƙi. Mark Rutte yana firaministan Holan yana zuwa ofis a keke, ranar da ya bar mulki a Yulin 2024 ma a keke ya fita. Mu kuwa idan mai muƙami ya hau keke sai a fara tambaya ko wani abu ya same shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne addininmu ya riga kowace dokar Turai faɗin wannan magana. An umarce mu da ba hanya haƙƙinta, ciki har da kame cutarwa. An ce wanda ke bisa abin hawa shi zai fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama. Kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara, ba a rufe shi da cewa Allah ya kiyaye gaba a watse. Muna karanta waɗannan a makarantar Islamiyya tun muna yara, sannan mu riƙe sitiyari mu manta.

Mahaifina ya yi shekara talatin yana koyarwa a firamare, kullum a kekensa daga cikin birni zuwa Sabon Gari, da babbar riga a naɗe a kafaɗa da littattafan yara ɗaure a kariya. Ina da shekara tara, ya goyo ni a baya, wata mota ta matse mu har muka faɗa kan yashin gefen titi. Direban, wanda bai kai ɗan cikinsa na fari ba, ya sauke gilashi ya ce, "Kai tsoho, titin gidanku ne?" Baba bai tanka ba. Ya kakkaɓe mini riga, ya tsince littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya tura keken har gida bai sake hawa ba a ranar. Mutumin da iyaye ke durƙusawa su gaishe shi a unguwa, a kan titi ya zama abin da za a kawar.

A daren wannan Talatar na kira shi a waya na ba shi labarin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ya tsaya maka, kana kan keke?" Na ce, "Wallahi Baba ya tsaya, har da ɗaga mini hannu." Sai ya ce in sake faɗa masa girman motar.