Taj Mahal Ba Masallaci Ba Ne

Yana damuna yadda ake ta yaɗa hoton Taj Mahal ana cewa ga masallacin da ya fi kowanne kyau a Indiya. Masu faɗin haka suna da uzuri, domin ga ƙubba, ga hasumiyoyi huɗu, ga ayoyin Alƙur'ani a jikin ƙofofi. Duk wanda ya hango shi haka zai ɗauka.

Amma farin ginin nan hubbare ne. Sarki Shah Jahan ne ya gina shi a birnin Agra, bakin kogin Yamuna, domin matarsa Mumtaz Mahal da ta rasu wajen haihuwa a 1631. An fara aikin a 1632, aka kammala shi wajen 1653. Shi ma da ya rasu a 1666, a gefenta aka binne shi. Hatta kaburbura biyu na marmara da baƙi ke gani a tsakiyar zauren alama ce kawai, na ainihin suna ɗakin ƙasa.

Masallacin yana nan, sai dai gini ne daban, na jan dutse, a yammacin hubbaren. Daga gabas kuma akwai wani mai kama da shi da aka yi don fasalin wurin ya daidaita.

Wannan ruɗanin kan jawo asara. Misali, matafiyi ya tsara zuwa ranar Juma'a da niyyar yin salla a cikin farin ginin, ya tarar a ranar ce ake rufe wurin ga masu yawon buɗe ido, saboda sallar da ake yi a jan masallacin. Mai son ganin hubbaren ya zaɓi wata rana, ya kuma sammaka kafin cunkoso.