Takobin da ba ya fita sai an gaisa

Duk Asabar muna haɗuwa a falon wani abokina mu buga Legend of the Five Rings. Babu kwamfuta, babu waya. Takarda ce da fensir da 'ya'yan ludo masu fuska goma, mutum ɗaya ya ja labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda a Rokugan, ƙasar ƙage da aka ɗora kan Japan ta zamanin samurai. Tun 1997 wasan ya fito, mu bugu na huɗu ne ya faɗo hannunmu.

Na zaɓi ɗan ƙabilar Gauraka, almajirin makarantar Kakita, gwanayen iaijutsu: mutum biyu su tsaya gaba da gaba, takubba a kube, a yi ta kallon-kallo, sannan a zare sau ɗaya, magana ta ƙare. Maki 40 ake ba kowa ya gina jaruminsa. Abokaina suka yi ta gutsura, kaɗan a hawan doki, kaɗan a farauta, kaɗan a iya baki. Ni na juye nawa kaf a zare takobi. Mai jan labari ya daɗe yana duban takardata, ya ce, "Mutumina, Allah ya sa alheri."

Mugun mutum. Maimakon fada, inda ake irin wannan gwaji, sai ya tura mu ganuwar Kaiu, wurin ƙabilar Ƙaguwa, masu tsare iyaka da ƙasar aljanu. Tun a hanya doki ya kayar da ni a ƙofar wani hakimi, domin a ƙa'idar wasan, abin da ba ka koya ba ko goma ka jefa ba a ba ka ƙarin jifa. Kogi kuwa a kafaɗa aka tsallakar da ni, ina ɗage da takobina sama kamar mai kai kayan lefe.

Da bakemono suka taso mana, waɗannan ƙananan dodannin masu wari, na fito gaba, na daidaita ƙafa, na fara gabatar da kaina da sunan ubana da na kakana. Ban kai ga kakan ba ɗaya ya sakar mini dutse a goshi. Ƙanena, wanda ke riƙe da wani ƙaton jarumi ɗan gidan Hida na ƙabilar Ƙaguwa, mai kulkin ƙarfe, ya share su tas, ya waiwayo ya ce, "Yaya, ci gaba, kana kan kakanka."

Sai babban dodo, oni, wanda ƙarfe zalla ba ya cinsa sai an shafa wa makami garin dutsen jed. Aka miƙo mini, na ƙi. Takobin gado ne, ba na shafa masa ƙura. Har yau ina kan bakana.

Bayan watanni, labari ya kai mu fada. Wani ɗan ƙabilar Kunama ya zagi ubangidanmu a bainar jama'a, aka ba da izinin gwaji. Ranar ko shayi ban sha ba, hannuna har rawa yake. Matakai uku ne: a auna juna, a nutsu, a sara. Muka jefa na auna juna. Mai jan labari ya leƙa takardata, ya yi murmushi, ya ce ɗan Kunama ya ga tsayuwata, ya gane ba sa'ansa ba ne, ya durƙusa ya ba da haƙuri.

Na ce ban yarda ba. Ya buɗe littafi ya nuna mini, ƙa'ida ta ba shi dama, kuma a Rokugan wannan ba abin kunya ba ne.

Na tattara 'ya'yan ludona duk da haka na watsa a tebur, goma-goma suka yi ta fitowa. Na ce a rubuta. Ya ce, "A rubuta me? Wa ka sara?" Sannan ya sanar cewa mai fada ya ji daɗin yadda aka rabu ba jini, don haka gobe za a yi gasar waƙa, kuma Gauraka ne zai buɗe fili.