Rigar Viking ta fim daban, ta kabari daban

Yarinyata ce ta ja min wannan aikin. A nan Denmak akwai wani bikin yara da suke kira Fastelavn, yana faɗowa a Fabrairu ko farkon Maris, sati bakwai kafin Ista, yara su yi shigar burtu su rataye ganga cike da alawa su yi ta jibgar ta da sanda har ta fashe, wasu ma su bi gida-gida suna waƙa ana ba su 'yan kuɗi, ni dai ranar da na fara gani tashe kawai ya faɗo min a rai. To bana sai ta zo ta ce Ummi ni Viking zan zama, wato mutanen da na ƙasashen Denmak, Norwe da Suwidin da suka yi suna wajen yaƙi da tafiye-tafiye a jirgin ruwa. Na ce to, abu mai sauƙi, na ɗau waya na shiga kasuwar intanet.

Abin da na gani kuwa, baƙar fata ce daga sama har ƙasa, an ɗaure ƙugu tam da igiyoyi kamar za a raba mutum biyu, gashin dabba a kafaɗa, dogon takalmi har gwiwa, kwalkwali mai ƙaho, kuma na mata rabin jiki a waje wai a ƙasar da sanyi ke shiga har ɓargo. Na ce a raina wannan matar da ta saka wannan a watan Janairu a nan yankinmu na Jutland ai ba yaƙi ne zai kashe ta ba, nimoniya ce.

Ni tela ce tun a gida, a gaban keken mahaifiyata na tashi, kuma idan aka ce min ga yadda mutanen da suke saka kaya abin da nake fara tambaya shi ne da wane yadi, kuma wa ya ɗinka. Shi ya sa na bi abin a hankali, na je gidan tarihi na Moesgaard da ke nan kusa da mu a Aarhus, na yi ta karance-karance, kuma da bazara na leƙa irin kasuwannin nan da masu kwaikwayon rayuwar Viking suke ci a fili da tantuna. Gani ya kori ji. Matar Viking ta gaske, wato ta tsakanin shekarar 793 zuwa 1066 da ake lissafawa zamaninsu ne, ta fi kama da Hajiyar da ta shirya zuwa gidan suna fiye da wadda ake nuna mana a fim.

Ga yadda shigar take. Daga ciki doguwar shimi ce ta lilin mai dogon hannu har idon sawu, wasu ma an yi musu ƙananan tattara. A kanta sai a ɗora wata riga ta ulu marar hannu, kamar finafo ɗin 'yan firamare, 'yan Denmak suna ce mata selekjole, tana rataye ne da 'yan igiyoyin yadi daga gaba da baya, kuma abin da ke haɗa igiyoyin wasu maɓallai ne guda biyu na tagulla masu kama da ƙoƙon bayan kunkuru, ɗaya a kowane gefen ƙirji. Tsakaninsu a ja zaren duwatsun ado na gilas masu kala-kala. Tunda ba aljihu, a jikin maɓallan nan mace ke rataye kayan aikinta, almakashi, gidan allura, 'yar wuƙa, makulli, har da abin sakace kunne. In sanyi ya yi ta yafa mayafin ulu ta kama shi da wani fil na uku. Takalmi na fata ne shafaffe marar tsini. Ba zif, ba roba, kuma babban bel ɗin fatar nan mai faɗi da kowa ke ɗaurawa yanzu, a kaburburan mata masu irin wannan shigar da wuya a samu ƙarfen bakin bel.

Sai kala. Wannan ne ya fi ba ni dariya, don fim ya sa kowa ya ɗauka mutanen nan baƙi da toka-toka kawai suka sani. Suna son shuɗi da ja da rawaya kamar me. Shuɗin daga wani ganye suke samu da ake kira vajd a nan, kuma sinadarin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin babanmu na rini, na tsaya gaban wata tsohuwa tana tsoma zare a tukunya, ya fito kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idona, warin ma iri ɗaya, sai ga ni a marinar Ƙofar Mata ina yarinya ina toshe hanci. Gefenta wata na kaɗi da mazari. Mazari fa, irin na kakata, bambancin kawai ita ulu take ja, Inna kuma auduga da ɗan alli a yatsa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda suka san duk wannan. Ba a taɓa tono cikakkiyar selekjole ko ɗaya ba. Yadi ruɓewa yake a ƙasa, abin da ya tsira 'yan ƙyallaye ne, da yawansu ba su kai tafin hannu ba, waɗanda tsatsar maɓallan tagullar nan ta kama ta hana su ruɓewa. A Birka ta Suwidin wani mai suna Hjalmar Stolpe ya tone kaburbura sama da dubu tun daga shekarun 1870, sai a 1938 Agnes Geijer ta fitar da bincike a kan tsummokaran da aka samu. A Køstrup da ke tsibirin Fyn an samu gaban wata riga ta shuɗin ulu mai 'yan tattara. Na Hedeby, wanda yanzu ke cikin Jamus, ya fi ban tausayi, tsofaffin kaya ne da aka yayyage aka yi aikin kwalta a jikin jiragen ruwa da su aka watsar a tashar jirgi, shekara wajen dubu suna cikin laka. A kan waɗannan tsummokaran mutane ke ta jayayya har yau, rigar a rufe take ko buɗaɗɗiya, tsayinta ina ya tsaya, tattarar gaba kawai take ko har gefe. Na ga mata biyu sun kusa ɓatawa a kan faɗin igiyar kafaɗa, wallahi.

Ƙahon kuma? Kwalkwalin zamanin Viking da aka samu kusan cikakke a Gjermundbu ta Norwe a 1943 ba shi da ƙaho ko ɗaya. Akwai masu ƙaho da aka tono a Veksø nan Denmak a 1942, amma na wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa ne, sun girmi Viking da shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar. Wanda ya yaɗa ƙahon wani mai tsara kayan wasan dandamali ne Bajamushe, Carl Emil Doepler, da ya yi wa 'yan wasan wani mawaƙin Jamus mai suna Wagner kaya a garin Bayreuth a 1876. Tela ne ya ƙaƙaba wa al'umma guda ƙaho, shekara kusan 150 an kasa cirewa. Mu teloli a ji tsoronmu.

Inda na ji abin ya matso kusa da ni shi ne da na gano cewa shaidun gani da ido mafi daɗin karantawa daga ƙasashen Musulmi suka fito. Ahmad ibn Fadlan, wanda Halifa al-Muƙtadir ya tura daga Bagadaza, ya haɗu da mutanen Rus, waɗanda ake ɗauka Viking ne 'yan kasuwa, a bakin kogin Volga a 922, ya rubuta cewa kowace mace tana da wani ɗan akwati a ƙirji, na ƙarfe ko azurfa ko tagulla ko zinariya gwargwadon arzikin mijinta, da wuƙa a rataye, kuma duk dirhami dubu goma da miji ya tara sai ya ƙara wa matarsa sarƙar wuya ɗaya. Ku faɗa min wannan ba mu ba ne? Awarwaro nawa ne a hannun Hajiya, shi ke nuna yadda kasuwar Alhaji take. Wani kuma, Ibrahim ibn Yaƙub daga Andalus da ya je Hedeby wajen 965, ya ce maza da matansu duk suna saka kwalli. Azurfar ma da yawanta daga can ta zo, a Spillings da ke tsibirin Gotland a 1999 an tono azurfa mai nauyin kilo 67, a ciki akwai tsabar kuɗi sama da 14,000, akasarinsu dirhamin ƙasashen Musulmi da rubutun Larabci a jiki.

To ni ra'ayina, ba ni da faɗa da kayan almara. Mai son fata da gashin dabba da fenti a fuska ya saka abinsa ya ɗau hoto ya ji daɗi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. In ma za a yi a yi shi da kyau, a bar yadin ledar nan mai ƙyalli da ke tona asiri da an kunna fitilar kamara, a samu ulu ko lilin mai kauri, a zaɓi abu ɗaya da zai ja ido, ko kitso ko mayafin gashi ko gatari, kar a jibga duka kamar dila. Abin da ba na so shi ne a saka na fim a ce wai tarihi ne. Wani a intanet ya taɓa ce min a ƙarƙashin hoton 'yata ai ba baƙar Viking, na duba hotonsa, ƙaho ne a kansa, ga kuma zanen nan mai kama da taurari da ake kira vegvísir a damtsensa, alhali shi wannan zanen a wani littafin Aislan na 1860 aka san shi, wajen shekara 800 bayan an gama zamanin Viking. Ban ma ba shi amsa ba.

Su ma masu tsananin tarihin ba wai na sallama musu duka ba ne. Wata ta ɗaga gefen rigar da na ɗinka ta ga ɗinkin keke ta ɗan yatsine fuska, alhali ita da tabarau a idonta da waya a cikin jakar fatarta. Haba baiwar Allah. Kuma kowa a kasuwar nan shigar matar attajiri yake, sarƙa layi biyar, bakin riga da siliki, ba mai son zama baiwa ko matar manomi, bayan kuwa su ne suka fi yawa kuma su suka kaɗa zaren.

Amma da na juyo gida sai jikina ya yi sanyi. Mu fa kayanmu ba a kabari suke ba, a raye suke, je hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ka ga 'yan lifidi da 'yan sulke da idonka, babbar riga mai aska takwas har gobe ana ɗinka ta da hannu. Duk da haka ranar al'ada a makaranta me muke yi? A ɗaura wa yarinya fari da baƙin saƙi, a ɗora mata ƙwarya, a zana mata ɗigo-ɗigo a fuska, a ce ga Bahaushiyar da, ba mai tambaya ta wane gari, ta wane zamani, Bafulatana ce ko Bakatsiniya ko Bamaguja. Sarauniya Amina ma haka, ba wanda ya zana ta a zamaninta, duk hoton da ke yawo tunanin mai zane ne, amma mun karɓa hannu bibbiyu. Su a nan suna da irin tata, wani kabari a Birka mai lamba Bj 581 da aka tone a 1878, da takobi da gatari da mashi da garkuwa biyu da dawakai biyu, shekara da shekaru ana cewa jarumi ne namiji, sai a 2017 gwajin DNA na ƙasusuwan ya nuna mace ce. Kun ga ko ita, abin da aka samu a wajen kanta ragowar hular siliki ce mai adon azurfa, ba rigar mama ta ƙarfe ba.

Na kira mahaifiyata na tambaye ta ina zannuwan saƙin Inna da turkuɗinta da ke cikin adaka. Ta yi shiru ta ce ke 'yar nan me ya tuno miki, ai tun bayan rasuwarta aka raba, sauran da asu ya fara ci aka ba masu canjin tsofaffin kaya da robobi. Robobi. Mutanen nan suna saka tsumman da aka goge kwalta da shi a gilas suna kunna masa fitila ta musamman, mu kuma mun ba da zanen da aka saƙa da hannu aka rina a marina aka buga a mabuga mun karɓi bahon wanki. Ban ga laifin Hajiya ba, da ina nan ni ma da hannuna zan miƙa.

Ita dai 'yar tawa na ɗinka mata farar shimi ta lilin da shuɗiyar selekjole, maɓallan na saya na kwaikwayo don na tagullar gaske in na juya kuɗinsu zuwa naira kaina ciwo yake, na ja mata layi biyu na duwatsu, a ciki na saƙala 'yan murjanin da na zo da su daga gida. Gudumar Thor, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, da ake ratayawa a wuya na ce a'a, wannan layar addininsu ce ba ado kawai ba, ba zan rataya wa 'yata ba. Kanta na ɗaura mata ɗan kallabi, an samu irin hulunan matan nan a York da Dublin, na siliki da na ulu, don haka ba wanda zai ce min komai. Na tura wa Hajiya hoton ta ce masha Allah, ashe Turawan da suna da kunya.

Yarinya ta tsaya gaban madubi ta juya hagu ta juya dama, ta taɓa murjanin, sannan ta kalle ni ta ce Ummi to ina ƙahon? Da daddare na zauna da kwali da gam na yi mata guda biyu.