Don Allah kanikawa ku daina cire mana tamostat

Wai ni wa ya koya wa kanikawa cewa maganin zafin inji shi ne a zare tamostat a jefar? Wallahi abin nan ya kai ni bango. Allurar zafin inji ta ɗan hau kaɗan, ka kai mota gareji, ko murfin lagireto ba a duba ba sai ka ji "ai Oga wannan abin don ƙasashen sanyi aka yi shi, inda ake rana ba shi da amfani, cirewa za a yi." Kafin ka ce kwabo yaron gareji ya kwance noti, ya zaro shi, ya cilla cikin tarkace, an shafa gam an mayar da murfi, kai kuma ka biya kuɗin aiki har da godiya.

Ni tawa ma ba a tambaye ni ba. Mota ce mai shan gas, na kai ta ne saboda tana ɗaukar zafi in an hau tudu da kaya, aka ce in dawo da yamma. Na karɓa, allura a kwance can ƙasa kamar ba a tayar da inji ba, har na ji daɗi. Ana nan ana nan sai na ga tanki ba ya kai ni inda ya saba kai ni, salansa na tuttuɗo baƙin hayaƙi, da safe inji na ƙara kaf-kaf-kaf ya ƙi lafawa, baƙin mai kuma in ka zaro sandar gwaji ya tsinke yana warin gas. Abin haushin, ranar da na sake hawa tudun da kaya allurar ta sake tashi, har ta fi da. Da na koma na ce Malam me ka yi wa motar nan, budar bakinsa sai cewa ya yi "ai taimakonka na yi Alhaji, na cire maka abin da ke toshe ruwa." Taimako fa!

To bari in faɗa wa masu wannan taimakon abin da suke jefarwa. Tamostat ƙofa ce mai ɗan kaki irin na masana'anta a cikinta, in ruwa ya yi zafi kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce. A yawancin motoci tana fara buɗewa ne tsakanin digiri 80 zuwa 90, lambar ma a jikinta take a rubuce, 82 ko 88, duk wanda ya goge ya duba zai gani. Yanzu ku gaya min, wane gari ne a duniya iskarsa ke kai digiri 82? Ranar da ake cewa zafi ya yi zafi, mutane na neman inuwa, 45 ne ko sama da haka kaɗan. Wato ko a tsakiyar bazara inji a wurinsa sanyi ake yi. Kamfanin Toyota yana sayar da Hilux da Land Cruiser a Saudiyya da Dubai da hamadar Ostareliya, duk da tamostat a ciki suke fitowa, su injiniyoyin ba su san ana rana a can ba ne sai kai?

Kuma injin gas ya fi na fetur shan wahala a wannan ɗanyen aiki. Shi ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi, matse iska yake yi har ta yi zafi sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Zafi shi ne abincinsa. In bangon silinda na da sanyi man ba ya ƙonewa duka, wani ya zama baƙin toka ya taru a nozul da bawul da ringi, wani ya gangara ta gefen fistin ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya faɗa cikin sam, wato kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, ya tsinka shi. Ga raɓa da ke taruwa a cikin inji wadda sai mai ya yi zafi sosai take fita, in bai yi ba ta gauraya da shi ta zama laka. Injin gas dama can ya fi jinkirin ɗumama, balle an bar ruwa yana zagaya lagireto tun daga tayarwa. Motocin yanzu kuma masu birenbos, wato kwamfutar mota, na'urar na ganin ruwa da sanyi sai ta ɗauka har yanzu ɗumama ake yi, ta ci gaba da lissafin mai na injin da bai yi zafi ba. In motar na da matatar hayaƙi ta DPF to nan ma an jawo maka, don sai hayaƙi ya kai wajen digiri 600 take ƙone tokar da ta tara, kuma motoci da yawa ba sa fara wannan ƙonar sai inji ya kai zafinsa. Sai matata ta toshe, fitilar gargaɗi ta kunnu a dashbod, ka koma wurin mutumin nan ya ce ita ma a cire.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ko zafin da ake gudu cirewar ba ta hana shi. Injina da yawa tamostat ɗinsu mai faifai biyu ne, in ya buɗe hanyar lagireto sai faifan ƙasa ya rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi yana zagaya inji lokacin ɗumama. Ka cire shi, gajeriyar hanyar nan ta zauna a buɗe har abada, ruwa kuwa inda ya fi sauƙi yake bi, wani kaso ya riƙa komawa inji da zafinsa bai ga lagireto ba. In ba kaya inji ya yi sanyi fiye da kima, an ɗora kaya ya tafasa. An yi ba a yi ba kenan, ba wan ba ƙanen.

Ita tawa da aka zo aka bincika da gaske a wani wurin, lagireto ne ya cushe da tsatsa saboda ruwan famfo zalla da aka daɗe ana ɗura masa maimakon kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, kulocin fanka kuma ya saki, da hannu kana iya tsayar da ita. Waɗannan su ne ciwon, da irinsu fanbel da ya yi sako-sako, da famfon ruwa da fukafukansa suka cinye, da murfin lagireto da ya daina riƙe iska, shi murfin nan da ake rainawa matsinsa na wajen "bar" 1 a ma'aunin matsi ne ke sa ruwa ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Ko gaskit ɗin tof silinda ya ƙone. Amma duba waɗannan aiki ne, zare tamostat kuwa minti nawa ne.

Ban ce tamostat ba ya lalacewa ba, yana maƙalewa a rufe kuma ya dafa inji tsaf. To sai a gwada shi mana, a sa shi a ruwa a ɗora a wuta a ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, in ya ƙi a sayo sabo mai lamba ɗaya da wanda kamfani ya sa. Meye wahala a nan? Ni dai yanzu duk garejin da na shiga tun daga bakin ƙofa nake faɗa, Malam kar a taɓa min tamostat, in kuma dole sai an kwance to a gabana, kuma tsohon a miƙo min shi a hannu in ga sabon da aka sa da idona. Wanda ya ji haushi ya ba ni makullina.