Agwagwa a cikin keji

Takardar ƙirga na haɗa wa 'yan aji ɗaya, shafi goma, zan sa ta a kasuwar intanet inda malamai ke sayar wa juna kayan koyarwa. Rubutu ya kammala, saura hoton agwagi biyar. Na ce aikin minti biyu ne. Kwana uku ya ci min.

Agwagwar farko kyakkyawa ce, bayanta da ƙananan gidaje fari da ruwan toka kamar na dara. Alamar ke nan ta PNG marar bango, wato nau'in fayil ɗin hoto wanda ke hawa kowace kala. Na sauke, na ɗora a shuɗin shafi, sai ga ta ta taho da gidajenta, tana leƙena kamar daga keji. Ashe JPG ce, wani nau'in fayil ɗin hoto daban, shi kuwa JPG ba ya zama babu bango. Gidajen zana su aka yi a jikin hoton. Da na gwada ta kan launi mai duhu tun farko, da asirinta ya tonu.

Ta biyu ba ta da keji, amma faɗinta fiksel 300 ne (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto), tsawonta 300. A allo tsaf. Bugawa kuwa tana son ɗigo 300 a kowane inci, ke nan girmanta na gaskiya a takarda inci ɗaya ne, kamar kan sarki. Cikakken shafin A4 yana cin fiksel 2480 a faɗi, 3508 a tsawo, ni kuwa na ja 'yar mitsitsiyar nan ta cike rabin shafi. Da ta fito daga firinta na nuna wa wani yaro, ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce takalmi ne. Ban yi masa musu ba. Hoto irin na SVG ne za ka ja yadda ka so bai farfashe ba, don shi lissafin layuka ne, ba ɗigo ba.

Ta uku na ga an rubuta CC BY-NC a ƙasanta. Idona ya tsaya kan CC, wato lasisin Creative Commons da ke ba da izinin amfani da hoto, na ce kyauta, madalla. Wata abokiyar aiki ta leƙo ta ce, "Malam, sayarwa fa za ka yi, ka ga NC ɗin nan kuwa?" NC na nufin ban da kasuwanci. BY na nufin sai ka ambaci mai zanen. CC0, irin na shafin hotunan kyauta na Openclipart, shi ne wanda mai shi ya yafe komai.

Na haƙura na sayi ƙunshin agwagi mai lasisin kasuwanci. Sharuɗɗansa biyu ne: a sa tambarin mai zanen a shafin godiya, kuma a manne hotunan yadda mai saye ba zai iya cire su ba. Na karanta na farko, na tsallake na biyu, na ɗora fayil ɗin PowerPoint a buɗe, kowa ya danna dama ya kwashi agwagwa. Mai zanen ta turo saƙo cikin ladabi, irin ladabin da ke sa mutum gumi. Na koma na adana kowane shafi a matsayin hoto, na haɗa su PDF.

An samu mai saye na farko, har na fara tunanin ajiye alli. Umarnin shafi na uku shi ne a ƙirga jajayen agwagi daban, koraye daban. Washegari saƙonta ya iso: "Malam, na yi fotokofi, duk agwaginka ruwan toka ne, yara na ta rigima." Ja da kore masu duhu ɗaya, injin baƙi da fari ba ya bambance su. Shi ya sa masu zane ke haɗawa da na baƙin layi zalla. Irinsu ma suna nan cikin ƙunshin da na saya, a folda ta biyu da ban taɓa buɗewa ba.