Tsiron fan a gidan gilashi da kuma a kan bishiya

Duk wanda ya ga tsiron fan a dazuzzukan ƙasashe masu zafi da laima, sannan ya sake ganinsa a lambun Kew da ke nan Landan inda nake zaune, zai yarda cewa akwai tazara tsakanin rayuwar biyu. Fan tsiro ne da ba ya fure kuma ba ya 'ya'ya. Yana yaɗuwa ne ta wani gari mai laushi da ke taruwa a bayan ganyensa, kuma masana sun ƙidaya nau'o'insa fiye da 10,000, galibinsu a yankunan zafi.

Ba na raina ƙoƙarin Turawa a wannan fanni. Tun a 1829 wani likita mai suna Nathaniel Ward ya lura cewa fan ya tsiro a cikin rufaffiyar kwalba duk da hayaƙin Landan, kuma daga nan aka ƙera akwatunan gilashin da suka riƙa ɗauko tsirrai da ransu ta jirgin ruwa. A yau ɗakin gilashin da aka buɗe a Kew a 1987 yana ɗauke da yanayi iri goma, kowanne na'ura ce ke daidaita zafinsa da laimarsa.

Sai dai a duba wani nau'in fan mai suna Platycerium, wanda a Afirka ta Yamma yake maƙalewa a jikin bishiyar kwakwar manja. Ganyensa kashi biyu ne: wani yana reto da rassa, wani kuma yana lulluɓe gangar bishiyar kamar faifai, ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ya riƙa tare ruwan sama da busassun ganyen da ke zubowa har su ruɓe su zama taki, tururuwa kuma su samu mafaka a ciki. A gidajen gilashi kuwa, ɗaure shi ake yi a jikin ɓawon itace, ma'aikaci ya feshe shi da ruwa. Ga siffar nan cif, amma aikin da aka halicci siffar dominsa ya ragu ƙwarai.

Shi ya sa nake ganin lambunan da ke cikin yankin zafi sun fi cancantar kuɗin da ake kashewa wajen adana waɗannan tsirrai. A lambun Singafo, wanda aka kafa a 1859, wani nau'in fan mai suna Asplenium nidus yana hawa manyan bishiyoyi da kansa, ba tare da an ƙona ko digon mai don ɗumama shi ba. Lambun Aburi na Ghana da aka buɗe a 1890 da na Limbe a Kamaru na 1892 su ma suna da ruwa da laimar da fan yake so; abin da ya kamata a ƙara musu shi ne ƙwararrun ma'aikata, da ɗakunan reno, da rajistar da za ta nuna dajin da aka samo kowane tsiro.