Injin numfashin da muke aikawa Jos, da abubuwan da ba ma sakawa a kwalin

Mu 'yan Jos da ke zaune a Ingila mun ɗauki wata ɗabi'a. Da an ce mana wani dattijo a gida yana minshari har numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, sai mu nemo na'urar CPAP, wato injin da ke hura wa mai barci iska, mu ɗora wa wani matafiyi ya sauke ta Abuja, daga nan a sa ta a motar Jos. Shi ke nan, a ganinmu mun fita haƙƙi. Ni a nawa ganin ko rabin nauyin ba mu sauke ba, domin na'urar ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Ruwan da za a zuba mata, da wutar da za ta kwana a kai, da ƙurar da za ta shaƙa, a nan gizo ke saƙar.

Ciwon ba abin wasa ba ne, ko da yake a gida an fi mayar da shi abin tsokana tsakanin jika da kaka. Naman maƙogwaro ne ke saki idan barci ya yi nisa, ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, har sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi. Wanda hakan ke faruwa da shi sau 30 ko fiye a awa guda, likitoci na cewa nasa ya yi tsanani. Yana tafiya da hawan jini da gyangyaɗin rana, kuma duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo a motar haya ya san abin da gyangyaɗin direba ke nufi. Na'urar, wadda likitan Ostireliya Colin Sullivan ya bayyana wa duniya a 1981, iska kawai take turawa ta tiyo da takunkumi don hanyar ta zauna a buɗe.

Ni ma da ita nake kwana a nan Manchester. Hukumar lafiya ta NHS ce ke yin gwajin barci, ta ba ka aron na'urar ba da ko sisi ba, ma'aikaci ya gwada maka takunkumin da ya dace da fuskarka, ya saita ƙarfin iskar. Idan roba ta gaji ka buga waya a aiko maka da wata. Har bayanan barcinka na'urar ke aika musu da kanta. Duk wannan ba ya shiga kwali. Abin da ke isa Unguwar Rogo ko Gangare shi ne inji da tiyo ɗaya da takunkumi ɗaya, galibi da saitin da aka yi wa wani mutum daban a wani yanayi daban.

Ɗauki 'yar tukunyar ruwan da ke maƙale a jikin na'urar, wadda ke ɗumama ruwa don iskar ta ɗebi danshi kafin ta shiga hanci. A Manchester, garin da yayyafi ba ya yankewa, mutane da yawa suna kwana lafiya ba tare da ita ba, har wasu asibitoci ba sa bayar da ita sai ka yi kukan bushewar hanci. Shi ya sa wasunmu ke aika na'urar babu tukunyar, suna ɗauka ado ce. To, a hunturun Jos danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Leɓe na tsagewa, yara na haɓo, ga shi kuma an ɗaura wa tsoho abin da zai riƙa hura masa wannan busasshiyar iska dare guda cur. Hanci ya bushe, ya kumbura ta ciki, ya toshe. Mutum ya buɗe baki, iskar ta riƙa zurarewa ta bakin, bushewar ta ƙaru. Kafin a ankara ya tuɓe takunkumin ya ce abin Turawan nan mura yake sa shi, a ɗora a kan sif.

Idan kuma akwai tukunyar aka murɗa ta zuwa ƙarshe, an gudu ba a tsira ba. Jos na kan tudu, sama da mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauka kusan digiri 10, a ɗakunan da ba abin ɗumama su. Iska mai ɗumi da danshi na bin tiyo mai sanyi, sai ta koma ruwa a hanya. Wani kawuna da ke Rikkos ya kira ni a kan haka. “Ɗan nan,” in ji shi, “wannan abin naku kurkure baki yake yi cikin dare, daga nan ya watsa mini ruwa a hanci.” Na ce, “Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, a ina aka ajiye shi?” Ashe a kan durowa yake, sama da kansa, duk raɓar da ta taru sai ta gangaro fuskarsa. Aka sauke shi kan ɗan kujera ƙasa da katifa, aka rage lambar danshin, matarsa ta ɗinka wa tiyon riga da tsohuwar suwaita, ya riƙa cusa ragowar cikin bargo. Akwai tiyo mai waya a jiki da ke ɗumama kansa, shi ne ainihin maganin wannan matsala, kuma da a ce ni ne mai aikawa Jos, da shi zan fara kafin komai.

Abuja kuwa wata duniya ce. A Maris zafi na doshin digiri 40, da damina kuma iskar da kanta a jiƙe take, ana iya rage tukunyar sosai ko a kashe ta. Sai dai mai kwana da na'urar sanyaya ɗaki ya koma matsalar Jos, don ita ma busar da iska take yi tana sanyaya tiyon. Saiti ɗaya ba ya kai mutum shekara a garuruwan nan biyu, dole wani a gidan ya iya murɗa shi.

Sai ruwan kansa. Kamfanonin na cewa a zuba tataccen ruwan da aka samo daga tururi, wanda ba gishirin ƙasa a ciki. Ruwan famfon Manchester daga tafkunan arewa yake zuwa, ba ya barin wani farin dafi sosai, na Landan kuwa ko butar shayi ta shaida. A gida ruwan burtsatse da na rijiya da na leda kowanne da halinsa. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire gishirin, don haka ƙasan tukunyar zai riƙa yin fari, sai an jiƙa shi da ruwan khal an ɗauraye. Wannan da sauƙi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne a aiki yaro wajen masu kayan mota ya sayo “ruwan batir”. Wani tataccen ruwa ne, wani kuwa da asid a ciki, kuma kwalba ba koyaushe take faɗin gaskiya ba. Gara a nema a kantin magani, in ba a samu ba a tafasa ruwa mai tsabta a bar shi ya huce, a zubar da ragowar kowace safiya. Kada a ɗiga turare ko man zafi a ciki, huhu zai tafi kai tsaye. Basilin ɗin da muke shafawa da hunturu ma yana cin robar takunkumi.

Ƙura kuwa, ɗan farin matacin da ke bayan na'urar yakan yi watanni a nan bai sauya kama ba. A hazon Janairu ja yake komawa nan da nan. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, ambulan guda zai ɗauki na shekara, amma mu ba ma tunawa da shi. Hayaƙin maganin sauro da turaren wuta ma duk ta nan suke bi.

Wuta ita ce babbar magana. Filogin Ingila da na Najeriya iri ɗaya ne, ƙarfin wutar ma 230, wannan ba matsala. Amma ko 'yan rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, da aka ƙara musu kuɗi a Afrilun 2024, alkawarin awa 20 a rana aka yi musu, sauran unguwanni kuwa sai yadda ta yiwu. Idan an ɗauke wuta ba shaƙewa mutum zai yi ba, akwai ƙananan huda a takunkumin da numfashi ke fita ta nan (a daina liƙe su da salatif ana cewa yoyo ne), amma zai farka, kuma ragowar daren ba magani. Batir ko inbata na iya riƙe na'urar, sai dai farantin da ke ɗumama ruwan ya fi injin hura iskar cin wuta nesa ba kusa ba. Ga shi lokacin da aka fi bukatar tukunyar shi ne hunturu. Saboda haka wanda zai kashe kuɗi ya auna batirin da tukunyar a kunne, ba a kashe ba. Janareto kuma ya kwana a waje nesa da taga, don na'urar iskar ɗakin take zuƙa ta ɗura wa mai barci.

Na san masu cewa na hannu ya fi babu, kuma da gaskiyarsu idan aka duba tsadar sabuwa da yadda naira ta koma. Amma a Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa da aka ƙera kafin 26 ga Afrilun shekarar, saboda soson rage ƙara da ke ciki yana ruɓewa ya biyo iska, kuma zafi da danshi na gaggauta ruɓewar. Wanda ya ga irin su da araha a intanet ya tuna da zafin Abuja kafin ya saya, ya kuma duba lambar jikinta.

Ƙarfin iskar ma ba na kowa da kowa ba ne. Yana kamawa daga 4 zuwa 20, kuma likita ke yankewa bayan gwaji. Wuraren gwajin barci a Najeriya kaɗan ne, yawanci a Abuja da Legas, amma kuɗin mota daga Jos da na gwajin ya kamata su shiga lissafinmu tun farko. A bar ɗan katin ajiyar bayanai a cikin na'urar, kada yara su zare shi, domin shi ne zai nuna wa likita awa nawa aka kwana da ita, da inda iska ke zurarewa, da ko numfashin na ci gaba da ɗaukewa.